Babi na Bakwai: Littafin Ƙungiyarmu

'Yan uwana mata, barkanku da zuwa aji. A babin da ya wuce mun koyi rubuta kwanan wata da lambobi har zuwa dubu goma. Yau za mu sauke su daga allo, mu kai su tsakar gida, inda mata ke taruwa su yi zubi, su ji matsalar juna. Ku fara da karanta wannan labari a hankali. Wadda ta kakare a kalma, ta kusa da ita ta ɗaga ta.

Karatu

Ranar Laraba ce, bayan la'asar. A wani gida a Tudun Wada an shimfiɗa tabarmi biyu a inuwa. Matan ƙungiya su goma sha biyu ne. Akwai mai awara, akwai mai kitso, akwai mai ɗinki da ke kai kaya Kasuwar Barci, akwai kuma dattijuwar da kowa ke kira Inna, ita ce uwar ƙungiya. Da aka ƙirga sai aka ga goma sha ɗaya.

Inna ta ce, "Ina Maman 'yan biyu?"

Mai kitso ta ce, "Inna, jikin ne. Tun jiya fuskarta da hannayenta suka kumbura, ga ciwon kai ya ƙi sauka. Cikin kuwa ya shiga wata takwas."

Inna ta ajiye carbinta. "Wannan ba na jira ba ne. A kira maigidanta yanzu a faɗa masa. Wa za ta raka ta asibiti?"

Mai ɗinki ta ce, "Ni zan je, Inna. Amma yarana fa?"

Mai awara ta ce, "Yaya, turo su gidana. Tukunya ɗaya ce, zan ƙara gari."

Aka ciro kuɗin Keke daga asusu. Marubuciya ta buɗe littafi, ta sa kwanan wata, ta rubuta abin da ya fita da hannun da ya karɓa. Kafin a kira magariba Maman 'yan biyu tana gaban ma'aikaciyar jinya, ana auna jininta.

Me muka gani?

Babu wadda aka biya a cikin matan nan. Mai ɗinki ta bar kekenta, ɗinkin ranar ya kwana. Mai awara ta ciyar da baki huɗu da ba ta yi shirinsu ba. Wannan shi ne aikin sa kai: mutum ya ba da lokacinsa, ko ƙarfinsa, ko saninsa, ba don lada daga hannun mutane ba. Mu mata mun daɗe muna yi, sunan ne kawai ba mu sa masa ba. Wadda ta kwana gidan haihuwa, wadda ta tsaya kan tukunyar gidan rasuwa har kwana uku, wadda ta yi wa marainiya kitson salla, duk shi suka yi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ku lura kuma da abin da Inna ta sani. Kumburin fuska da hannu tare da ciwon kai mai tsanani ga mai ciki alama ce ta hawan jini, kuma yana iya kaiwa ga jijjiga. Haka zubar jini, da zazzaɓi mai zafi, da jin ɗa ya daina motsi. Waɗannan ba a kwana da su a gida. Ƙungiyar da mace ɗaya a cikinta ta san wannan, duka sha biyun sun tsira da saninta.

Ba mu muka fara ba

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tara mata a ƙarƙashin abin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa. Jajin ta zo ta ɗauki karatu a waƙe, ta koma ta koyar da matan garinsu. Da ƙafa suke tafiyar, ba albashi.

A nan Kaduna aka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a 1963, kuma an san ta da riƙon marayu. A Minna aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, a 1985, ga ta yau da makarantu da asibitoci. Maƙwabtanmu Kirista suna da Zumuntar Mata a majami'unsu, duk wadda ta zauna Kakuri ko Sabon Tasha ta gan su da ankonsu suna zuwa gaisuwa da dubiya. Kuma lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, ku tuna su wa suka riƙa shiga gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa, suna sallama, suna lallashin iyaye. Mata ne, domin su ne ake bari su wuce zaure.

Inda bango ke tsagewa

Yanzu zan faɗa muku abin da ya sa na rubuta wannan babi. Ƙungiyoyin mata da na ga sun watse, ba rashin tausayi ne ya watsa su ba. Abu biyu ne: kuɗin da ba a rubuta ba, da aikin da aka bar wa mutum ɗaya.

Na taɓa zama a wata ƙungiya da muke da aminai biyu a ciki. Tare suka tashi, rana ɗaya aka kai su ɗakin miji, 'ya'yansu ba sa bambance uwa da uwa. Ɗayar ce ke riƙe mana kuɗi, a ƙulle a bakin zane, lissafin kuma a ka. Wata rana aminiyar ta ce ta yi zubin makon jiya, ta miƙa a bakin ƙofa tana sauri. Mai riƙon ta ce ba ta tuna ba. Babu maƙaryaciya a cikinsu, ni shaida ce a kan halinsu. Amma babu takarda, babu wadda ta gani. Magana ta fita, kun san ta zarar bunu ce. Muka ce za mu biya kuɗin daga aljihunmu, suka ce ai ba kuɗin ba ne, mutunci ne. Gaskiyarsu kuwa. Aka shekara ba sa gaisawa, ƙungiyar ta rabe gida biyu, kuma har yau idan na tuna zuciyata takan yi nauyi, domin layi ɗaya a littafi da ya kashe wutar tun ba ta kama ba.

Wasu kan ce, "Haba, tsakanina da ƙawata har sai an rubuta? Ai rashin yarda ne." Ni ban gan shi haka ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma umarnin da ke cikinta shi ne a rubuta, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Ba don ana zargin kowa ba. Ɗan Adam mai mantuwa ne, balle uwa da ke da goyo a baya, tukunya a wuta, ga mai sallama a ƙofa. Rubutu yana ɗauke wa ƙawarki nauyin tunawa, ya bar mata zumuncin kawai.

Abu na biyun, wato barin aiki ga mutum ɗaya, ya fi ɓoyuwa. A kowace ƙungiya akwai mace ɗaya da ba ta iya cewa a'a. Ita ce rakiyar asibiti, ita ce wankin jego, ita ce zuwa kasuwa. Kowa na yabonta, ba mai tambayar ko ta ci abinci, ko sana'arta na tafiya, ko maigidanta ya fara ƙorafi. Ranar da ta gaji ba za ta yi magana ba, sai dai a ga ta daina zuwa. Shi ya sa littafinmu ba na kuɗi kaɗai ba ne. Ana rubuta aiki ma: wa ta je wannan karon, wa ke biye. Idan suna ɗaya ya fito sau uku a jere, Inna ta san lokaci ya yi da za ta ce, "'Yata, zauna ki huta, yau wata ce za ta je."

Yadda ake tsara littafin

Ku sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta mai bango mai kauri, da biro biyu. Kada a yi da fensir, domin yana gogewa. A shafin farko a rubuta sunan ƙungiya, ranar taro, da sunayen mata duka, kowace da lambarta.

Sai a raba littafin. Gaba na adashi ne. Tsakiya na asusun taimako. Baya na aiki. Adashi da asusu kada su haɗu ko da wasa: adashi kuɗin mai kwasa ne, ranarta idan ta zo a ba ta cif. Asusu kuwa na lalura ne, kamar kuɗin mota zuwa asibiti da dare, ko sabulu da garin kunu ga mai jego.

A kowane shafi a ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa, a samu gida biyar: kwanan wata, suna, abin da ya shigo, abin da ya fita, sa hannu. Wadda ba ta iya rubuta sunanta ba tukuna ta dangwala yatsa, amma ina fata kafin mu gama wannan littafi ba sauran mai dangwale a ajin nan. Idan an yi kuskure, a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, a rubuta daidai a gefe. Ba a yage shafi.

Mai rubutu daban, mai ajiyar kuɗi daban. Ba a karɓar zubi a hanya ko a gidan biki, sai a kan tabarma, gaban kowa. Wadda ta turo ta waya, a karanta saƙon a taro sannan a shigar. Kafin a tashi, marubuciya ta karanta jimla da ƙarfi, ma'aji ta ƙirga kuɗin a fili, a ga sun yi daidai. Minti biyar ne kawai.

Abu ɗaya ne ba ya shiga littafi: sirrin mutane. A rubuta "taimako, naira kaza". Ba a rubuta cewa gidan wance sun kwana ba su ɗora tukunya ba. Abin da kika gani a ɗakin da kika je dubiya, ki bar shi a ɗakin. Kuma idan kin je, ki gaida, ki taya da abin da ya samu, ko shara ko ɗebo ruwa, ki yi addu'a ki tashi. Mara lafiya ba ta iya korar baƙo, ke ce za ki rage mata zama.

A shafukan aiki za ku iya ƙara wani abu mai amfani ƙwarai: ranakun rigakafin jariran ƙungiya. Ana yi da haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 a yi na ƙyanda, katin kuma zai nuna abin da ya rage. Wadda ta iya karatu ta duba katin wadda ba ta iya ba, ta tuna mata ana gobe. Wannan ma sa kai ne, kuma ba ya cin ko sisi.

Kalmomin yau

Ku rubuta kowace sau uku, ku kula da ƙugiyar haruffa: ƙungiya, zubi, kwasa, asusu, ma'aji, dubiya, ƙawa, ɗawainiya. Ku faɗi "kawa" da "ƙawa" da ƙarfi ku ji bambancin, sannan "dauka" da "ɗauka".

Lissafi

Wannan misali ne don gwaji. Mata 12 suna zuba naira 500 kowane mako a adashi. Nawa mai kwasa za ta ɗauka? Mako nawa za a yi kafin kowa ta kwasa?

Kowace kuma tana sa naira 100 a asusun taimako duk mako. Nawa zai taru a mako 4? A cikin watan an fitar da naira 1,500 kuɗin Keke, da naira 800 na sabulu. Nawa ya kamata ma'aji ta ƙirga a gaban taro?

Tattaunawa

Ku zauna uku-uku. A labarin da muka karanta, me zai faru da mai awara ba ta karɓi yaran ba? A ƙungiyarku ko a layinku, wace ce aikin ya fi faɗawa a kanta? Kada ku kama suna a aji, kowa ta riƙe amsar a ranta. Idan mace ta kasa zubi mako biyu saboda babu, yaya za a yi mata magana ba tare da ta ji kunya ba, kuma wa ya kamata ta yi maganar?

Aikin gida

Ki samu takarda ɗaya, ki ja mata gida biyar kamar yadda muka nuna. Ki rubuta kwanan watan yau a sama da sunanki a layin farko. A bayan takardar ki rubuta jimla biyu: aiki ɗaya da za ki iya yi wa wata a wannan mako ba tare da kuɗi ba, da ranar da za ki yi shi. Wadda ƙungiyarsu ke da littafi ta nemi izinin uwar ƙungiya ta zo mana da shi ranar Asabar, mu duba tsarin layukansa tare, sunayen kuma a rufe su da takarda.