Makin shekarar farko ya yi ƙasa, kuma likita kake son zama: kurakuran da aka fi yi

Kowace shekara akwai ɗaliban da suka nemi karatun likita aka tura su Bayokemistiri ko Bayoloji ko Fiziyoloji, suka karɓa da niyyar za su koma daga baya. Sakamakon aji ɗaya ya fito, maki bai yi kyau ba. Daga nan wasu sukan yanke ƙauna gaba ɗaya, wasu kuma su ci gaba da zaman jiran abin da ba zai zo ba. Dukansu ba su zauna sun yi lissafi ba, kuma a ganina rashin lissafin nan shi ne babban kuskuren, sauran duk daga gare shi suke fitowa.

Bari mu yi shi a nan. A yawancin jami'o'in Najeriya ana auna CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi a duk darussansa, bisa maki 5: A biyar ce, B huɗu, C uku. Digiri mai daraja ta biyu babba, wato 2:1, yana farawa daga 3.50, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da makarantun likita da yawa ke dubawa ga mai digiri da ke son shiga ta DE, hanyar da ake fara karatu daga aji biyu. To, a ce ka gama aji ɗaya da 2.50 a kwas na shekara huɗu, kuma nauyin darussan kowace shekara, wato yawan unit ɗinsu, kusan ɗaya ne. Don ka kai 3.50 a ƙarshe, sai ka riƙa samun kusan 3.83 a sauran shekaru ukun. Wannan B ce a yawancin darussa, C ɗaya-ɗaya. Mai yiwuwa ne sarai. Amma idan ka bari aji biyu ma ya tafi a 2.50, sauran shekaru biyun sai ka kawo 4.50 a kowacce, makin masu daraja ta ɗaya ke nan, daga mutumin da matsakaicin makinsa bai kai C ba. Ka ga ba aji ɗaya ne ke kashe mutum ba, aji biyu ne. Shekarar da ɗalibi ke ɓatawa yana jimamin abin da ya wuce ita ce ta fi tsada.

A haɗa da wannan: darasin da aka faɗi, ko an sake shi an ci, sifilin farko yana nan cikin lissafi a mafi yawan jami'o'i. Kuma darasi mai nauyi uku ya fi mai nauyi ɗaya ja. Ɗalibi ya kwana yana haddar ƙaramin darasin GST, na gama-gari da kowa ke ɗauka, ya bar Kemistiri mai nauyi, ya yi asara ko da ya ci A.

Kuskure na gaba shi ne dogaro da canjin kwas. Labarin yana yawo a ɗakunan kwanan ɗalibai: wai in ka yi ƙoƙari a aji ɗaya za a mayar da kai MBBS, wato kwas ɗin likita. Wasu jami'o'in sun taɓa yi, wasu ba sa yi ko kaɗan, inda ake yi kuma na sahun gaba ake ɗauka, 'yan ƙalilan. Dalili kuwa ba mugunta ba ce. Hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori tana yanke wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Makarantar da ta wuce adadin tana jawo wa kanta hukunci, ɗalibanta kuma su shiga matsala wajen rajista. Saboda haka shugaban sashe, ko yana ƙaunarka, ba shi da kujerar da zai ba ka. Ka je ofishin tsangayar ka tambayi ƙa'idar a rubuce. In babu, ko makinka bai kai ba, ka rufe wannan babi tun yau.

Ƙofofin da suka rage na gaske uku ne. Ko ka sake zana JAMB ka shiga aji ɗaya na likita, shekara shida. Ko ka yi IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko JUPEB, dukansu karatun share fagen jami'a ne, ka nemi DE da sakamakon. Ko ka gama digirin da kake yi da 2:1 ka nemi DE, shekara biyar. Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙofa ta farko ba ta tambayar CGPA ɗinka ko kaɗan. Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ne, bisa maki 400, sai tantancewar jami'a. Wanda ke aji ɗaya ko farkon aji biyu, makinsa ya yi ƙasa sosai, sau da yawa wannan ce hanyarsa mafi kusa, kuma darussan da ya yi a jami'a sun ƙara masa ƙarfi a kan 'yan sakandare. Girman kai ne kawai ke hana wasu, wai kar a gan su a layi ɗaya da ƙannensu.

Sai dai kar ka saki kujerar da kake kai kafin sabuwar ta tabbata. An sha ganin wanda ya daina shiga aji tun ranar da ya sayi fom, ƙarshe ya rasa duka biyun. Ka ci gaba da karatunka har sunanka ya fito a CAPS, manhajar bayar da gurbin karatu da JAMB ta fara aiki da ita a 2017, sannan ka janye daga tsohon kwas ɗin bisa ƙa'ida, don ba a riƙe gurbi biyu lokaci ɗaya. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sama maka gurbin likita ta bayan gida, ka tambaye shi ko zai fito a CAPS. Gurbin da bai bi ta nan ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma rigimar tana jiranka a gaba, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane masu maki mai kyau: takardar sakandare. Ana buƙatar kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, kuma makarantun likita da yawa a zama ɗaya suke so. Haɗa WAEC da NECO zama biyu ne. In taka haɗe take, ka sake zana jarrabawar a matsayin ɗalibi mai zaman kansa tun kafin lokacin neman gurbi.

Zaɓen jami'a ma ana yinsa da ka. Kowa Zariya, kowa BUK, saboda suna. A jami'o'in tarayya ƙa'idar rabon gurabe ita ce kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Wato jiharka tana da tasiri a kan inda makinka zai yi nauyi. Ga Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga Jami'ar Maiduguri, ga ta tarayya a Dutse, ga ATBU a Bauchi, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya a Azare, ga na jihohi irin su Kaduna da Gombe waɗanda ke fifita 'yan jiharsu. Kafin ka cike fom, ka duba ko MDCN ta amince da makarantar, ka kuma duba ko tana karɓar DE a likita a wannan shekarar, don ƙa'idar tana sauyawa.

Wani abin da ya shigo da zamani: ɗalibi ya kwana a YouTube yana sauraron shawarar 'yan Amurka. Can sai an gama digiri na farko ake neman makarantar likita, a zana jarrabawar MCAT, a rubuta bayanin kai, kwamiti ya duba ya ga makin mutum ya riƙa hawa shekara bayan shekara ya yi masa uzuri. A nan ba wanda zai karanta labarinka. Lamba ake dubawa, ta kai ko ba ta kai ba.

Amma kuskuren da ya fi damuna shi ne neman sabuwar ƙofa ba tare da an gano abin da ya kayar da mutum a ta farko ba. Ƙanena, ƙanwata, me ya faru a aji ɗaya? Wani haddar sakandare ya zo da ita, ya tarar da tambayoyin da ke son fahimta. Wani Turancin malamin ne ke wuce shi a babban ɗakin lacca, yana jin kunyar faɗa. Wata ba ta ɗauki gwajin tsakiyar zango da muhimmanci ba, alhali shi ne kashi 30 ko 40 na makin. Wani rashin lafiya ne, wani yunwa, wani siyasar ɗalibai ta ɗauke masa hankali. Kowanne da maganinsa, kuma ba ɗaya ba ne. Mai matsalar Turanci littafi zai riƙa karantawa kafin lacca, ba bayanta ba. Mai hadda ya rufe littafi ya bayyana wa abokinsa darasin da Hausa, inda ya kakare nan ne bai gane ba. Dole a gyara wannan, domin a makarantar likita 50 ne makin ci, kuma babbar jarrabawar Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri da ake yi kafin a shiga asibiti tana sallamar mutane: a ba ka damar sakewa, a maimaita maka aji, daga nan a ce ka nemi wani kwas. Wanda ya shiga da tsohon salon karatunsa ya ɗage faɗuwar ne kawai.

Masu hali sukan ce a fita waje kawai. Ba laifi, amma a sani cewa wanda ya yi karatun likita a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya yi aiki a Najeriya, kuma ana faɗuwa. A tuna da ɗaliban da yaƙin Yukiren na 2022 da na Sudan na Afrilun 2023 suka koro gida karatu bai ƙare ba. A binciki makarantar da kyau, ba ta bakin dillali ba.

Sai maganar shekaru, wadda ya kamata a yi da iyaye a fili. Hanyar digiri sannan DE tana cin shekara huɗu, da ta bautar ƙasa, da biyar na likita, da shekarar horon asibiti: sha ɗaya ke nan, in ba yajin aiki. Sake JAMB daga aji ɗaya kuwa shekara ɗaya ko biyu ka yi asara. Ka rubuta lissafin biyu a takarda, da kuɗin makaranta da na masauki, ka kai wa Baba ko wanda ke biya maka kafin a fara sayar da fom na bana.