Gyaran ruɓaɓɓen katakon cikin jirgin faiba

'Yan'uwa masu jiragen ruwa a Apapa da Ikorodu, katakon da ke tallafe da ƙasan tsohon jirgin faiba (faiba ita ce zaren gilashi da aka daskarar da gam) yana ruɓewa ne a ɓoye, domin ruwa kan shiga ta ramin ƙusa ya zauna. Ku ƙwanƙwasa da guduma. Inda sautin ya mutu, a huda kaɗan, idan garin katakon ya fito baƙi da danshi, ya lalace.

Kafin a yanke faibar da ta lulluɓe shi, a tokare jirgin sosai don kada siffarsa ta karkace. A ƙwaƙule ruɓaɓɓen duka, a bar wurin ya bushe ƙarau, abin da damina a Legas ba ta bari, shi ya sa na fi son watan Janairu. Sannan a sa filawud na ruwa (falankin katako mai jure ruwa) da gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi, a rufe da sabuwar faiba.