Yadda Ake Binciko Ma'anar Kalmar Littafi Mai Tsarki a Ibrananci da Helenanci

An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra waɗanda suke da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuwa an rubuta shi da Helenancin da talakawa suke yi a kasuwa da gida a ƙarni na farko. Mai wa'azi ko malamin makarantar Lahadi da yake riƙe da fassarar Hausa, wadda aka fara buga cikakkiyarta a 1932, zai iya komawa ga kalmar asali ko da bai taɓa zama ajin waɗannan harsuna ba, muddin ya bi hanya cikin natsuwa. Za mu bi hanyar da kalma ɗaya, wato ruach ta Ibrananci.

Mataki na farko shi ne ka zaɓi kalmar da ta cancanci wahalar. Ka karanta ayar a fassarori biyu ko uku, na Hausa da na kowane harshe da ka iya, ka lura da wurin da suka saɓa wa juna. A Farawa 1:2 yawancin fassarori sun ce Ruhun Allah ne yake shawagi bisa ruwaye, amma wasu sun ce iska ce daga wurin Allah. Irin wannan saɓani alama ce cewa mafassara sun tarar da kalma mai fuska fiye da ɗaya, kuma a nan ne bincike yake da amfani.

Bayan haka sai ka gano ainihin kalmar da take ƙarƙashin fassarar. A 1890 James Strong ya wallafa jerin kalmomin Littafi Mai Tsarki, ya ba kowace kalmar asali lamba, 8,674 na Ibrananci da Aramiyanci, 5,624 na Helenanci, kuma har yau da lambobin nan ake aiki. Shafukan intanet irin su STEP Bible da Blue Letter Bible da Bible Hub suna jera ayar kalma bayan kalma tare da lambobin, kyauta, ko a waya. Idan ka buɗe Farawa 1:2 za ka ga ruach, lambarta H7307. Harafin H yana nufin Ibrananci, G kuma Helenanci.

Daga nan ka duba ƙamus domin ka ga iyakar ma'anonin da kalmar take iya ɗauka. Bayanin da Strong ya bayar gajere ne ƙwarai, saboda haka ya fi kyau ka leƙa ƙamus na Brown da Driver da Briggs na 1906, wanda shafukan nan suke ɗauke da shi. Zai nuna maka cewa ruach tana nufin iska, da numfashi, da ruhu, har da halin zuciyar mutum, kamar fushi ko ƙarfin hali. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin sukan kwashe dukan ma'anonin su zuba a cikin aya ɗaya. Bahaushe ya san cewa idan aka ce bakin kogi ba a nufin kogin yana da haƙora, haka ma kalmar Ibrananci, a kowace jimla aiki ɗaya take yi, sai fa inda marubucin ya yi wasa da ita da gangan.

Mataki na huɗu shi ne mafi muhimmanci, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa saboda yana cin lokaci. Ka danna lambar, ka karanta wuraren da kalmar ta fito, kana farawa da surar da kake ciki, sannan littafin, sannan sauran littattafai. A Farawa 8:1 Allah ya sa ruach ta hura bisa duniya har ruwan tufana ya janye, wanda a fili yake iska ce. A Farawa 6:17 numfashin rai ne da yake cikin kowace halitta. Sai ka je Ezekiyel 37:1-14, wahayin kwarin busassun ƙasusuwa, inda kalmar ta fito sau 10 cikin ayoyi 14. A aya ta 1 Ruhun Ubangiji ne ya ɗauki annabin, a aya ta 5 numfashi ne zai shiga ƙasusuwan, a aya ta 9 daga iskoki huɗu aka kira shi, a aya ta 14 kuma Allah ya ce zai sa Ruhunsa a cikin mutanensa su rayu. Mai karatun Hausa yana ganin kalmomi uku, amma Bayahuden da yake bauta a Babila kalma ɗaya ya ji tana dawowa, tana ƙara nauyi daga aya zuwa aya. A ganina wanda ya zauna da wannan sura da alƙalami a hannu, yana ja wa kowace ruach layi, ya fi wanda ya haddace shafin ƙamus samun abin da zai faɗa wa ikilisiya ranar Lahadi.

Idan kalmar ta tsallaka zuwa Sabon Alkawari, ka duba yadda fassarar Septuwajin ta mayar da ita, wato fassarar Helenanci da Yahudawan Iskandariya suka fara a ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu, wadda manzanni suka yawaita ɗauko ayoyi daga cikinta. A wurare masu yawa ta fassara ruach da pneuma, G4151. Wannan ne ya sa maganar Yesu da Nikodimu a Yahaya 3:8 take da ƙarfi, domin kalmar da aka fassara da iska mai busawa inda ta ga dama, ita ce kuma aka fassara da Ruhu a ƙarshen ayar.

Akwai tarko biyu da suka shafe mu musamman. Na ɗaya shi ne kamar da ke tsakanin Ibrananci da Larabci, waɗanda 'yan gida ɗaya ne. Kalmarmu ruhu daga Larabci muka aro ta, kuma 'yar'uwar ruach ce, amma a Hausa ba ta nufin iskar da take kaɗa itace, don haka kamar sauti ba hujja ba ce. Lehem a Ibrananci gurasa ce, alhali lahm a Larabci nama ne. Na biyu shi ne jinsin kalma: ruach galibi tamata ce, pneuma ba namiji ba ce ba kuma tamata ba, ruhu a Hausa namiji ne, kuma duk wannan nahawu ne kawai, ba a gina koyarwa a kansa.

Haka nan ka yi hattara da abin da ya zama ruwan dare a bagade. Ana yawan cewa kalmar Helenanci agape kullum ƙaunar Allah ce tsantsa, amma a 2 Timoti 4:10 da aikatau na wannan tushe Bulus ya ce Dimas ya ƙaunaci duniyar nan har ya yashe shi.

A ƙarshe ka rubuta abin da ka samu cikin jimla ɗaya ta Hausa mai sauƙi, ka mayar da ita cikin ayar, ka karanta sakin layin gaba ɗaya ka ji ko ta zauna. Sannan ka gwada ta da littafin sharhi mai kyau, ko ka kai wa faston da ya karanta harsunan a makarantar tauhidi irin ta Bukuru ko ta Jos. Idan ma'anar da ka samo ta saɓa wa dukan fassarorin da ke hannunka, kada ka hau bagade da ita tukuna, ka koma mataki na huɗu ka sake karanta ayoyin.