Yadda ake adana tarihin tsohon sojan ruwa bayan rasuwarsa

In dattijo ya yi tsawon rai kuma matarsa ta riga shi, to wadda ta fi kowa sanin labarinsa ta tafi tuntuni. Abin da ya rage yana cikin akwatinsa na ƙarfe da bakin tsofaffi ƙalilan.

A fara da akwatin, kafin rabon gado ya watsa kaya. A nemo takardar sallama daga aiki, takardun fansho, lambobin yabo da hotuna. Lambar aikinsa ce gaba da komai, a kwafe ta wuri biyu. Da ita ake bin sawu a Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja ko wurin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Suna kaɗai ba ya isa, domin mutanenmu da yawa da sunan gari suka shiga soja, sai ka tarar da "wane Zariya" fiye da ɗaya.

Kada a kai tsohuwar takarda shago a manne mata leda da zafi, don ba ta sake ɓaruwa. Salatif kuma yana barin tabo. A ɗauki hoton kowace gaba da baya, a inuwa, sannan a sa ta ambulan. A ɗora akwatin kan katako, nesa da bango, saboda gara da danshin damina. Bayan hoto da fensir ake rubutu, biro yana hudowa ta gaba. Lambar yabo ba a dirje ta da toka, busasshen ƙyalle ya isa.

Shekaru ne inda aka fi tafka kuskure, kowa sai ya ce Baba ya haura ɗari. In ɗan Zariya ne, a gwada da sarautar Zazzau, a tambayi a zamanin wane sarki aka haife shi: Sarki Ja'afaru ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975. Wanda ya shiga soja yana ɗan ashirin a 1967, a 1947 aka haife shi. In an ce ya je yaƙin Bama, a bincika, wannan na sojan ƙasa ne a Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar ruwan Najeriya kuwa sai 1956 aka kafa ta. Haka ma kada a rubuta cewa a barikin horar da kurata na Zariya ya yi horo don kawai ɗan gari ne. Na sojan ƙasa ne shi ma.

Zaman makoki ba wurin naɗar murya ba ne. A karɓi lambobin waya kawai, a koma bayan sadakar arba'in. A fara da dangin marigayiya matarsa, ƙannenta da ƙawayenta, su suka san yadda ta riƙe gida yana bakin daga. Minti arba'in ya ishi tsoho, a kashe fanka, a ajiye wayar kusa da shi. "Kawu, ba mu labari" ba ya fito da komai. A ce: wane jirgi, NNS Nigeria ko wani? Ɗakin inji yake ko wurin bindiga? A yaƙin basasa, yana cikin waɗanda suka sauke sojoji a Bonny a Yulin 1967, ko Kalaba a Oktoba? In bakin mutum biyu ya saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.

Kwafi uku ake yi na duk abin da aka tattara: bugagge a gida, ɗaya a imel, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. Duk ofishin da ya nemi takarda, kwafi za a ba shi, ta asali ta zauna a akwati.