A auna iskar taya kafin a hau hanyar Madina

Salamu alaikum 'yan uwa direbobin Makka da Jidda. Zafi ya shigo, don Allah a riƙa auna iskar taya da sassafe, tun mota ba ta motsa ba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ke ɗaukar zafi a kwalta, ta fashe ana tsaka da gudu.

Buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a gefe, adadin da motarka ke so ke nan, galibi 30 zuwa 35 PSI (ma'aunin ƙarfin iskar taya) a ƙananan motoci. Lambar jikin taya kuwa iyaka ce, kada mai banshar, wato mai gyaran taya, ya cika maka har can. In ka tsaya a hanya ka ga iska ta hau, kar ka rage, taya na hucewa za ta sauka. A duba safaya ma.