Darasi na 9: Ganyen hunturu a kan ciyawar ado

Wannan darasin na masu aikin lambu ne, da masu gadin da maigida ya haɗa musu da ban ruwan fulawa (na san kuna da yawa a ajin nan), da duk wanda ya shuka ɗan kafet giras a tsakar gidansa ko harabar makaranta ko gaban masallaci. A karanta a hankali, wanda ya kakare a wata kalma ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne.

Da damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa wajen watan Nuwamba, itatuwa sai su fara rage kaya saboda ƙarancin ruwa. Kuka takan tuɓe tsaf ta zama sai rassa. Malaina ta dinga yar da manyan ganyenta masu faɗin tafin hannu, darbejiya kuma tata zubar ta fi yawa can wajen Fabrairu zuwa Maris, mangwaro shi kam ba shi da lokaci, kullum sai ka tarar ya ajiye maka aiki. Gawo ne kawai ɗan tawaye, shi da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar, shi ya sa gero yake yin kyau a ƙarƙashinsa. A Ingila da Amurka sanyi da gajartar yini ne ke sa ganye ya yi ja ya zube a watan Oktoba da Nuwamba, har wani inji gare su mai hura iska yana tara ganyen. Mu nan manjagara da tsintsiya sun ishe mu.

To me ganye ya yi wa ciyawa? Ciyawa da hasken rana take dafa abincinta. In ka rufe ta ka sa mata azumin dole. Ku gwada da kanku, a kifa tsohon kwano a kan ciyawa a bar shi sati ɗaya, in an ɗaga za a ga wurin ya koɗe ya yi rawaya-rawaya. Ciyawar da ake kira ƙiri-ƙiri ma ta fi kowa ƙin inuwa. Busasshen ganye ɗai-ɗai nan da can ba ya komai, iska ma za ta ɗauke shi. Matsalar tana farawa ne in ya taru ya yi kauri sannan aka zo aka kunna tiyo a kansa, kuma kun san da rani kusan kullum ake ban ruwa, sai ganyen ya jiƙe ya manne da juna kamar tabarma, rana ba ta shiga iska ba ta shiga, ƙasan ya yi ta gumi har ya fara fumfuna da wari, ciyawar ta ruɓe daga tushe. Ga gara, ita ko gayya ba ta jira.

Wani ɗalibinmu na bara mai gadi ne a wani gida, ya tafi ƙauye bikin ƙaninsa ya yi sati biyu, ya bar wa yaron gidan amanar ban ruwa. Yaro kuwa ya riƙe amana, safe da yamma yana sheƙa ruwa, amma ko sau ɗaya bai taɓa tsintsiya ba. Da ya dawo ya yaye ganyen gindin mangwaro sai ga wuri kamar kan mai makero. Maigida ya ce ai ƙishirwa ce ta kashe ta, aka ƙara ruwa, abu ya ƙara lalacewa. Ni dai ban ga laifin yaron ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi.

Saboda haka ku riƙe wannan: shara tukuna, ban ruwa daga baya. Busasshen ganye ba nauyi, da ka ja shi sai ya biyo ka, jiƙaƙƙe kuwa sai ya karya maka baya. Ka ba wa iska bayanka ka share zuwa inda take tafiya, in ka fuskance ta aikin baban giwa za ka yi. Manjagarar roba ta fi ta ƙarfe a kan ciyawa, don ta ƙarfen tana tumɓuke jijiyoyin da ke rarrafe a saman ƙasa, in ita kaɗai gare ka to ka sassauta hannu. Ƙananan ganye irin na darbejiya da tsamiya suna sulalewa ta tsakanin haƙoran manjagara, tsintsiyar kwakwa ce maganinsu. Lokacin da zubar ta yi yawa a share duk bayan kwana 2 ko 3, kar a jira ya zama tsibi. A ɗaure hanci da ƙyalle saboda ƙura. Kuma don Allah, tarin ganyen da ya kwana biyu kar wanda ya cusa hannu ciki kai tsaye, a fara birkita shi da manjagara, kunama da maciji suna son wurin.

Wanda gidan da yake aiki akwai injin yanke ciyawa, in ganyen bai yi yawa ba har kana hango koren ciyawa ta tsakaninsa, kana iya bi ta kai da injin ya niƙe shi, garin ya faɗa ƙasa ya zama taki. In ba ka hango ciyawar to ya wuce aikin inji.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. An tara ganye, sai me? Yawancinmu ashana muke nema. Hayaƙi ya cika unguwa, mai asma ya kwana zaune, wankin maƙwabta ya ɗau ƙauri, ga iskar hunturu da ba ta da wuyar kai tartsatsi kan danga ko rumbu. Ban da haka ma asara ce, domin sinadarin da ke sa shuka kore, irin wanda muke saye da tsada a buhun yuriya, yawancinsa hayaƙi yake bi in an ƙona, toka kawai za a bar ka da ita.

A haƙa rami a inuwa can gefen katanga, faɗi mita 1, tsawo mita 1, zurfi ya kai gwiwa ko ya ɗan wuce. A zuba ganye kaurin taƙi ɗaya, a bi shi da kashin awaki ko na kaji ko na shanu kamar kaurin yatsu 3, a barbaɗa ƙasa da 'yar toka kaɗan, a yayyafa ruwa. A sake ganye, a sake taki, haka haka har ya cika, a rufe da tsofaffin buhuna. Ɓawon ayaba da ragowar alayyahu da sabuwar ciyawar da aka yanka duk su shiga. Leda da batir da fasasshen kwalba kam a tsince su tun wurin shara. Damshin da ake so shi ne kamar na wankin da aka matse, in ka damƙa ka ji sanyi a hannu amma ruwa bai tsiyaya ba. A soka doguwar sanda a tsakiya a bar ta, bayan kwana 4 ko 5 a zare a taɓa, in da ɗumi to girki ya kankama, in sanyi ƙalau to ruwa ko taki ya yi kaɗan. In kuwa ya fara ɗoyi ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. Duk sati 2 a juya da shebur, na sama ya koma ƙasa. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi ya yi laushi yana ƙamshin ƙasar ruwan farko, kuma kar ku ce an yi muku sata in kun ga ya koma rabi, haka yake zabgewa. Ganyen mangwaro da na turare taurin kai gare su, sun fi daɗewa, a tattake su ko a daddatsa kafin a zuba.

Wannan takin shi za a tankaɗe a barbaɗa sama-sama a wurin da ciyawa ta koɗe, bayan an ɗan kakkarce ƙasar, a dinga ban ruwa da safe. In jijiya tana da rai cikin 'yan makonni za ta farfaɗo, in ta mutu a yanko 'yan gutsattsari daga gefen da ya yi yawa a dasa. Mai gaggawa da ba zai iya jiran rami ba, ya shimfiɗa ganyen a gindin lemo ko gwaba don ya riƙe damshi, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar saboda gara.

Aikin gida. A kwafi wannan jimlar sau 3 a littafi: Na share ganye kafin na yi ban ruwa. Sannan lissafi, in mai lambu yana tara buhu 3 na ganye kowane sati, buhu nawa zai tara a sati 8? In takin ya koma rabi, buhu nawa zai kwasa? Ranar Laraba kowa ya taho da ganyen bishiya iri 2 daga inda yake aiki ko gidansa, za mu rubuta sunayensu a allo.