Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Tsofaffin Jaket ɗin Fata na Matuƙan Jirgin Yaƙi

Kuskuren da ya fi cin kuɗin sababbin shiga shi ne ɗaukar duk jaket ɗin da aka rubuta wa A-2 ko G-1 a wuya a matsayin ta soja. Rundunar saman sojan ƙasa ta Amurka ta amince da samfurin A-2 a 1931, aka daina ba da sabuwar kwangilarta a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka koma jaket ɗin yadi irin su B-10 da B-15. Sai a 1988 aka sake raba ta ga sojojin sama. Tsakanin nan da yau, kamfanonin kasuwa irin su Avirex sun ɗinka ta ba adadi, kuma yawancin waɗanda ake tsinta a dilar gwanjo irinsu ne. Ba laifi a saye su don sawa, amma a kuɗin gwanjo.

Gane su ba wuya idan ka san ƙirar asali. A-2 ta zamanin yaƙi bayanta ƙyallen fata ɗaya ne, ba ɗinki a tsakiya. Aljihu biyu ne a gaba masu murfi da maɓallin dannawa, ba aljihun gefe na ɗumama hannu, ba na ciki. Shafinta na auduga ne, kuma akwai ɗan ƙugiyar ƙarfe a maƙogwaro. Da ka ga taswira a shafi, ko aljihun gefe, ko lebul mai bayanin yadda za a wanke, magana ta ƙare. G-1 ta sojan ruwan Amurka kuwa ƙirarta daban: fatar akuya, kwala mai gashin tunkiya, aljihu mai maɓallin ɗinki, aljihu ɗaya a ciki, da naɗi a bayan kafaɗu don hannu ya sake. Ta samo asali daga samfuran M-422 da M-422A, sunan G-1 ya zo ne da ƙa'idar ɗinkin soja mai lamba 55J14 a 1947, sannan jerin MIL-J-7823 ya biyo baya. Saboda haka wanda ya ce maka 7823 ɗinsa ta ga Yaƙin Duniya na Biyu, ko bai sani ba, ko yana so ya cuce ka.

Wanda ya wuce wannan mataki yakan faɗa rami na gaba, wato yarda da lebul shi kaɗai. Lebul na gaske na A-2 yana ɗauke da samfuri, lambar zane 30-1415, lambar kwangila da galibi ke farawa da W535, da sunan kamfani a mafi yawan kwangiloli: Rough Wear, J.A. Dubow, Aero Leather, Werber, Perry, Bronco, Cable Raincoat. Matsalar ita ce masu kwaikwayo na zamani, Eastman a Ingila, Good Wear a Amurka, Real McCoy's da Buzz Rickson's a Japan, suna saƙa wannan lebul daidai wa daida. Su ba su ɓoye komai ba, suna sa tasu shaida a wani wuri, sau da yawa cikin aljihu. Amma bayan shekara ashirin ana sawa, ɗan damfara ya yanke wannan shaidar, sai ga jaket ta zama ta 1942. Gyaran shi ne ka daidaita jaket ɗin da kwangilar da lebul ya ambata. Kowane kamfani yana da hannunsa: tsinin kwala, yankan murfin aljihu, faɗin maɗaurin kafaɗa, launin saƙar bakin hannu. Ka nemi hotunan wasu na asali masu lambar kwangila ɗaya, ka jera su. Ka leƙa ƙarƙashin murfin aljihu da kewayen lebul ko akwai tsofaffin hujin allura da ba zare a cikinsu.

Zif ma yana magana. Talon, Crown da Conmar su ne aka saba gani a na yaƙi. YKK a jikin jaket da aka ce ta 1943 yana nufin ko an canza zif, ko jaket ɗin ba ta lokacin ba ce. Canjin zif ko saƙar ƙugu ba ya mayar da jaket ta bogi, domin tun a lokacin yaƙi ana gyara su a ma'ajiyar soja, har a rine su da launi mai duhu. Sai dai farashi ya kamata ya sauka, kuma mai sayarwa ya faɗa tun kafin a tambaye shi. Idan akwai silin zare da ya saki, a ƙona ɗan guntunsa: auduga takan zama toka, zaren roba ya narke ya dunƙule.

Inda aka fi tafka asara shi ne zanen baya da bajoji. Jaket mai hoton jirgi, jerin bama-bamai da sunan runduna tana ninka kuɗin wadda ba komai a jikinta, don haka maƙaryata sukan sayi ta asali mara zane su yi mata fenti. A nan jaket ɗin gaskiya ce, zanen ne ƙarya, shi ya sa ake ruɗuwa. Ka duba da gilashin ƙara girma. Tsohon fenti yana tsagewa tare da fatar, ya goge a inda baya ke gugar kujera. Sabon fenti yakan gangara cikin tsagun da suka riga shi, ya cike su. Bajon da aka ɗinka tun da can, fatar ƙarƙashinsa ba ta koɗe kamar ta kewaye ba. Labarin cewa ta wani matuƙi ce da ya yi yaƙi a Burma ba ya ƙara ko sisi sai da takarda: suna da lambar soja da za a iya bincikawa, ko hoton mutumin sanye da ita.

Wasu kuma su sayi ta gaske amma matacciya. Fata mai shekara 80 tana iya kyau a hoto alhali ta ruɓe. Ka shafa yatsa a bayan kwala da kan kafaɗu. Idan jan gari ya biyo yatsan, ko ta yi sautin takarda da ka lanƙwasa a hankali, ba man da zai dawo da ita. Na fatar tunkiya, B-3 ta Amurka da Irvin ta sojan saman Ingila, su suka fi wannan ciwo, suna yagewa a hammata da bin ɗinki. Ka nemi hoton waɗannan wurare a hasken rana.

Kada ka amince da lambar awo. Mai lamba 42 ta wancan zamani takan matse wanda ke sa 42 a yau, ga shi an yanka ta gajere. Ka shimfiɗa jaket da ta yi maka daidai, ka auna hammata zuwa hammata, kafaɗa zuwa kafaɗa, tsawon baya da na hannu, ka nemi awon nan huɗu daga mai sayarwa.

Bayan saye, ɓarnar da ta fi yawa daga son gyara take zuwa. Man kaɗe, basilin ko man takalmi suna duhunta fata, su toshe ta, su jawo ƙura, kuma ba a iya cire su. Idan dole ne, man fata na musamman kaɗan, a fara gwadawa a ƙarƙashin murfin aljihu, kuma kada ya taɓa fenti. Kada a kai wa tela ya bi ta da keke, domin sababbin huji kusa da tsofaffi yanka fata suke yi. Baduku mai ɗinkin hannu ya bi tsofaffin hujin. A ƙasashenmu hunturu yana busar da fata, damina ta kawo fumfuna, asu kuma ya cinye saƙar ulu. A ajiye ta cikin jakar auduga, ba leda ba, nesa da rana, inda danshin iska yake wajen kashi 50. A-2 mai ƙwari a rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa, B-3 da Irvin kuwa a kwantar da su, don nauyinsu kaɗai yana iya yaga kafaɗa.